Gargaɗi: a yi hattara da mai tallar "lofen Turawan kuza" a Jos

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani mutum da ke yawo da jakar hannu tsakanin Terminus, titin Ahmadu Bello da wajejen Rayfield, yana tallar lofen shan taba, wani da sassaƙar kan dattijo mai rawani, wani da ƙafar gaggafa riƙe da ƙwai. Yana kuma saka hotunansu a Facebook da WhatsApp. Cewa yake yi na dutsen mirsham ne, wanda a rubuce za ku gan shi meerschaum, kuma wai tsofaffi ne, an tsinto su cikin akwatunan da Turawan kuza suka bari a gidajensu na Bukuru da Barikin Ladi. Sunansa ba zai amfane ku ba, domin kowane mai saye da sunan da ya ba shi, lambar waya ma haka. Amma kayan na riƙe su da hannuna wajen waɗanda suka saya, babu na gaske ko ɗaya.

Labarin nasa yana shiga kunne saboda rabinsa gaskiya ne. Kowa a garin nan ya san Turawa sun haƙi kuza tun farkon shekarun 1900, gidajensu na nan, kududdufan da suka bari ma na nan, kuma Turawan wancan zamani mashaya lofe ne. A kan wannan yake ɗora ƙaryarsa. Ba mashaya taba kaɗai yake nema ba. Ya fi son Alhazai masu son ajiye tsoffin kaya a falo, da samari masu tunanin za su saya da araha su kai Abuja su sayar wa baƙi da dala. Da ya ga ka tsaya sai ya sassauta murya: "Ranka ya daɗe, wannan ba na kasuwa ba ne, jikan kukun Baturen ne ya matsu, shi ya sa." Sai ya ƙara da cewa wani zai zo daga Abuja gobe da kuɗi a hannu.

Ga abin da ya kamata a sani game da dutsen kansa. Ma'adini ne fari mai laushi, cike da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, shi ya sa ba shi da nauyi, har busasshensa kan yi yawo a kan ruwa. Mafi kyawunsa daga yankin Eskishehir na ƙasar Turkiyya yake fitowa, yamma da Ankara, inda ake haƙa rijiyoyi masu zurfi ana ciro shi dunƙule dunƙule. Ana sassaƙa shi yana da danshi, a busar, sannan a tsoma shi cikin narkakken kakin zuma. A ƙarni na 18 da na 19 birnin Biyana na Ostiriya ne ya yi suna wajen sassaƙar, yanzu kuwa yawancin aikin a Turkiyya ake yin sa. An taɓa haƙar wani iri a Tanzaniya, kusa da tafkin Amboseli, amma bai kai na Turkiyya fari da sauƙin nauyi ba.

Ko a cikin na gasken akwai daraja biyu. Akwai wanda aka sassaƙa daga dunƙulen dutse guda, shi ne mai tsada. Akwai kuma wanda aka tattara ɓarɓashin sassaƙa aka niƙa, aka kwaɓa da gam aka matse. Wannan ya fi nauyi, ba ya shan danshi sosai, kuma ba ya yin launi mai kyau. Sayar da na matsi a matsayin na dunƙule tsohuwar cuta ce a wannan sana'a. To, na mutumin nan ko na matsin bai kai ba. Wasu farar hodar filasta ce irin ta silin, aka zuba a mazubi. Wasu roba ce mai tauri. Ɗaya kuma, a ganina, farar ƙasa ce, wadda ba sai an je nesa da Filato ba ake samun ta.

Inda ya fi nuna gwaninta shi ne launi. Lofen mirsham na gaske yana farawa fari, sai shan taba na shekaru ya riƙa sauya shi a hankali zuwa ruwan ɗorawa, zuwa ruwan zuma, har ya yi ja mai duhu. Daga ciki launin ke fitowa, kuma ba ya zuwa bai ɗaya: yawanci wuyan da ke haɗe da mariƙi da gindin tukunyar su ke fara rinewa, saman ya biyo baya. Nasa kuwa launinsu ɗaya ne tun daga baki har gindi, kamar rigar da ta fito daga marina. Da aka goga wa ɗaya jiƙaƙƙen ƙyalle sai launin ya biyo ƙyallen, ga ƙanshin shayi da man goge takalmi. Cikin tukunyar an ɗan babbaka shi da wuta, amma babu warin tsohuwar taba ko kaɗan, mariƙin kuma sabuwar roba ce fil, babu alamar haƙori. Lofen da aka ce Bature ya sha shekara da shekaru!

Don adalci, wasu masu sassaƙa na gaskiya kan rina sabon lofe da kaki mai launi, amma suna faɗa, ba sa kiransa tsoho.

Idan an kawo maka, duba waɗannan. Ɗaga shi ka ji: idan ya yi maka nauyi fiye da yadda girmansa ya nuna, ajiye. Bi gefensa da farce, kayan mazubi kan bar siririn layi inda ɓangarori biyu suka haɗu, wani lokaci da 'yan ramukan kumfa. Ce ya fito da sauran na cikin jakar. Aikin hannu ba ya yin tagwaye, shi kuwa an ga kan dattijo iri ɗaya sak a hannun mutane daban daban, har da ɗan karcen da ke gemu. Nagari kan zo da ɗan akwatinsa da aka yi daidai da siffarsa, ya zauna ciki daram. Nasa a tsohuwar jarida yake naɗe su. Akwai gwajin da aka saba yi wa sabon lofe, a jiƙa yatsa a taɓa cikin tukunyar, na dunƙule zai shanye danshin nan take har yatsan ya ɗan manne. Wannan yana tona asirin roba, amma kar ka dogara da shi kaɗai, don filasta ma tana shan ruwa.

Sai magana mafi muni da yake yi wa matasa, wai dutsen yana tsotse duk gubar taba, don haka shan ta cikinsa ba ya cutarwa. Ƙarya ce. Yana shan danshi da wani abu na kwalta, shi ya sa yake sauya launi, amma hayaƙin taba hayaƙin taba ne, cutar dajin baki da ta maƙogwaro ba su san tsadar lofe ba. Ni ba mashayi ba ne, ba kuma ina kiran kowa ya sha ba. Amma wanda ya cusa garwashi cikin tukunyar roba ya zuƙa, ya haɗa wa ƙirjinsa cuta biyu.

Kwanan nan ya fito da sabon salo. Yana neman a haɗa kuɗi, wai yana da ɗan'uwa a Istanbul da zai turo ɗanyen dutsen a buhu, a ba masu sassaƙa a nan su yi, a raba riba. Turkiyya ta hana fitar da ɗanyen dutsen tun shekaru da dama da suka wuce, don ta kare masu sassaƙarta, sai wanda aka riga aka sarrafa ke fita. Asusun da yake bayarwa kuma sunan da ke kai ba shi ne wanda ya gabatar da kansa da shi ba, sai ya ce na matarsa ne.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kar ya goge hirarsu ta WhatsApp. Ya ajiye shaidar tura kuɗin da hotunan tallar, ya sanar da bankinsa da wuri, sannan ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa ko hukumar EFCC, tare da lofen kansa. Masu shaguna a Terminus da Farin Gada, idan ya nemi ajiye kayan a wurinku don ku sayar masa, kar ku karɓa, domin ku mai saye zai dawo ya tarar.