Fim ɗin zombi na samarin zango: kashi na ɗaya ya ci kuɗinsa

Fim ɗin zombi (gawar da ke tashi tana cizon mutane) da wasu samarin zangon Kumasi ta Ghana suka haɗa, wanda guntayensa ke ta yawo a WhatsApp tun bayan Sallah, kashi biyu ne. Kowane kashi sidi 20, ka tura ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, a turo maka hanyar kallo a waya. Na biya duka biyun, na jona waya da talabijin muka kalla da mutanen gida. Kashi na ɗaya ya ci kuɗinsa har da gyara. Na biyun kuwa, da mai waakye, shinkafa da wake, na miƙa wa kuɗin ta zuba mini da ƙwai da taliya, da na fi cin riba.

Wanda ya ƙirƙiro labarin ya san garin nan. Maƙwabtanmu Tonawa, mutanen Asante, ba sa gaggawar binne mamaci. Gawa takan yi makonni ko watanni a firji kafin dangi su hallara, na Turai su sauka, a tara kuɗi, a sa ranar Asabar, a fito cikin ja da baƙi. Mu kuwa wanda ya cika da asuba, kafin la'asar an dawo daga maƙabartar Tafo ana karɓar gaisuwa. A kan wannan bambancin aka ɗora fim ɗin. Wuta ta ɗauke kwana uku, mai gadin wani ɗakin ajiye gawa ya sayar da man janareto, gawawwaki suka narke, suka miƙe, suka fito titi cikin kwat da leshi. Duk wanda ya ga dumsor na 2015, lokacin da ake ɗauke wuta awa 24 a dawo da ita awa 12, ba zai ce an yi ƙarya a nan ba. Dattawan zango kuma suna zaune a majalisa suna bugun ƙirji, wai namu dai suna kwance lafiya, ai ga amfanin gaggauta jana'iza. Ba su rufe baki ba wani yaro mai tuƙa pragya, babur mai ƙafa uku, ya ɗauko fasinja da daddare a Asawase, fasinjan ya gantsara masa cizo a wuya maimakon kuɗin mota. Daga nan annoba ta shigo lungu.

Na ji tsoron kada abin ya zama zolayar al'adar wasu, amma ba a yi haka ba. Kowa ya sha nasa rabon. Hasali ma wadda ta fi kowa hankali a fim ɗin wata Batoniya ce mai sayar da kenke, dafaffen ƙullun masara, ita ta fara gane cewa a ka ake dukan zombi kafin ya kwanta, kuma da muciyarta ta gwada. Maganar 'yan wasan ma irin wadda muke yi ce a Aboabo, Hausa da Tonanci da ɗan Turanci a jimla guda, babu wanda ya matse baki yana kwaikwayon Hausar Kano.

Inda fim ɗin ya fi ƙarfi shi ne inda aka bar zombi ya faɗo cikin rayuwar yau da kullum aka ƙyale mutane su yi halinsu. Akwai wani Alhaji mai matsalar ido da ya fito daga masallaci da asuba ya ci karo da maƙwabcinsa wanda ya riga ya rikiɗe. Ya kama hannunsa ya shiga gaisuwa. "Malam, an tashi lafiya? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya mai jiki? Ina labarin Tamale?" Zombi yana gurnani, "mmm, mmm", Alhaji yana cewa madalla, madalla. Sau biyu zombin yana kai baki, Alhaji yana sunkuyawa don girmamawa, cizon ya wuce ta saman hula. Ba a yanke hoton ba har suka rabu, Alhaji ya tafi yana cewa a gaida gida. Mahaifiyata, wadda ta zauna da niyyar yi mana faɗa a kan kallon shirme, sai da ta share hawaye da gefen mayafi. Babu kuɗin da aka kashe a wannan wurin ban da hodar fuska. Abin da ya sa ya yi kyau shi ne an san tsawon gaisuwarmu, an kuma san cewa rabin amsar da muke bayarwa da asuba gurnani ce.

Haka wurin maigida da ɗan haya. Dokar haya ta Ghana tun ta 1963 ta ce kada a karɓi kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma wanda ya taɓa neman ɗaki a garin nan ya san shekara biyu ake nema, in ba ka da shi ga ƙofa. To maigidan fim ɗin ya tarar ɗan hayarsa ya mutu ya tashi, sai ya tsaya ta bayan taga da littafin rasit yana yi masa lissafi: yarjejeniyar farko da mai rai aka yi, ta ƙare da mutuwa, wannan sabon mutum ne, sai ya kawo sabon kuɗin shekara biyu. Ɗan wasan bai yi murmushi ko sau ɗaya ba, shi ya sa ya kashe mu da dariya.

Wanda na fi jinjina wa marubucin a kai shi ne zaman rabon gado. Mutum ya cika da safe, kafin a gama haɗa ruwan wanka ya miƙe, aka kulle shi a ɗaki. 'Yan'uwa kuwa har sun fara ƙidaya shaguna. Sai gardama ta kaure a tsakar gida: matar za ta ci gaba da takaba wata huɗu da kwana goma ne, ko ta daina tunda ga mijin can yana dukan ƙofa? Ƙanen mamacin ya dage cewa yayansa ya mutu, shaidu sun gani. Matar ta ce, "To Malam, in ya mutu, shiga ka ɗauko makullin shagon, yana aljihunsa." Wuri ne mai santsi, ƙiris ya rage a taɓa abin da bai kamata a yi wasa da shi ba, amma an kiyaye. Ba a sa malami ya yanke hukunci ba, ba a ja aya ba, kwaɗayin magada kawai aka fito da shi fili. Liman ɗin ma da aka aika a kira, cewa ya yi a fara neman likita.

Kwalliyar zombin ta talaka ce, kuma ban ga laifinta ba. Farar ƙasa da toka a fuska, gawayi a ƙarƙashin ido, jinin kuma ko ba a faɗa maka ba ka san sobolo ne, wato zoɓo, aka kaɗa da sitaci. A wasu wuraren zafin rana ya sa gumi ya tsaga farar ƙasar, ka ga zombi da baƙin layi daga goshi zuwa haɓa. Ɗan yayata ya ce, "Kawu, wancan gawar gumi take yi." A fim ɗin ban dariya wannan ƙari ne. Rashin kuɗi bai taɓa hana irin wannan fim yin kyau ba. Night of the Living Dead na George Romero, wanda ya fito a 1968 kuma daga gare shi zombi mai cin naman mutane ya yaɗu a duniya, an yi shi a kusa da Pittsburgh da kuɗin da bai wuce dala 114,000 ba, jininsa ma ruwan cakulan ne, tunda hoton baƙi da fari ne babu mai ganewa. Dabarar ke nan, ka san abin da kyamararka za ta ɓoye maka. Samarinmu sun gane haka a wurin dare, suka manta da shi a wurin rana.

Sauti ne ya fara ɓata mini rai. Da alama da makirfon jikin kyamara aka ɗauki komai. In ɗan wasa yana kusa, kamar a kunnenka yake ihu. In ya ja baya taku uku, sai ka ga baki na motsi kawai. Ƙarar janareto tana bin kusan duk wani zama na cikin gida, alhali labarin ya ce babu wuta babu mai a unguwar. Ga kiɗan tsoro da aka ɗora a kan magana, ya danne ta. Rabin barkwancin mai kenke sai da muka mayar baya kafin mu ji, kuma abin dariya in aka maimaita shi don a ji me aka ce, ya riga ya huce. Na riƙe rimot a hannu daga farko har ƙarshe ina ƙarawa ina ragewa. Mai kallo yakan yafe hoto mai duhu, amma fim ɗin da jarinsa magana ce, a kasa jin maganar, an yi asarar jarin. Ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a riga yana nan a shagunan waya na Adum, kuɗinsa bai kai na abincin 'yan wasa na yini ɗaya ba.

Tsoro fa? Sau ɗaya tak na ji shi, amma na gaske ne. Wata yarinya ta fito da daddare za ta bayan gida na unguwa, fitilar waya kawai ke hannunta, lungun kuma irin namu ne da mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace, kwata a tsakiya. Ta tarar da layi kamar kullum, ta tsaya a baya. Layin ba ya motsi, babu mai magana, babu mai tsaki. Sai da ta ɗaga fitilar ta haska ƙeyar na gabanta. A nan ba a sa kiɗa ba, kuma Allah ya taimake su janareton ma ya yi shiru. Ƙananan yaran gidanmu daga wannan wurin aka kora su ɗaki.

Kashi na biyu kamar wasu mutane dabam ne suka yi shi. Minti goma sha biyar na farko maimaicin kashi na ɗaya ne. Sannan aka shigo da wani boka a cikin daji wanda wai shi ke juya gawawwakin da ƙwarya da jan ƙyalle, yana aika su su kwaso masa kuɗi. Zombin da boka ke sarrafawa yana da asali, daga Haiti labarinsa ya fito, inda ake cewa matsafi na tayar da mamaci ya sa shi bauta a gonar rake. Amma wancan ba ya cizo, ba ya yaɗa cuta, umarni kawai yake bi. Na kashi na ɗaya kuwa annoba ce, ba ta da ubangida, abin da ya sa take da ban tsoro ke nan, babu wanda za ka je ka roƙa. Da aka gwama su ba tare da bayani ba, sai dokar fim ɗin ta rushe. Zombin da jiya yake jan ƙafa yau yana tsallake katanga. Wanda muciya ta kwantar yanzu sai an watsa masa ruwan rubutu. Har wani ya ɓace ya bayyana a kan rufin kwano, abin da aikin fatalwa ne. Daga ƙarshe boka da wani saurayi suka tsaya suna jifan juna da wutar kwamfuta mai launin shuɗi da kore, irin wadda muka gaji da gani a finafinan Kumawood, masana'antar fim ta Kumasi. An kuma cusa waƙar soyayya da rawa a tsakiyar gudun ceton rai, saurayi da budurwa sun canza kaya sau uku.

Na san dalilin rabawa biyu. Tun zamanin faifan CD haka kasuwar take, labari ɗaya a yanka shi kashi-kashi don a sayar sau biyu ko sau huɗu. Amma a wancan lokacin mai saye ba shi da zaɓi da yawa. Yau wanda ka ja wa rai da maimaici, yatsa ɗaya zai sa ya koma TikTok. Da an tace kashi na biyu an ɗebi abin kirkin da ke ciki, bai fi minti ashirin ba, an liƙa a ƙarshen na ɗaya, da an sami fim guda na awa ɗaya da rabi wanda za a iya nuna wa kowa ba tare da jin kunya ba. A cikin minti ashirin ɗin nan har da wurin da makanikan Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, suka ƙera wa wata tsohuwar trotro, ƙaramar bas ta haya, garkuwa da ƙofofin firji, yaron motar kuma ya ƙi tashi sai ta cika, ana gudun mutuwa yana leƙe ta taga yana kiran saura mutum biyu.

Hoton tallan ya burge ni ta wata fuskar. Da hannu aka zana shi, irin zanen da masu yawo da bidiyo suke sa a yi musu a kan buhun fulawa a shekarun 1980 da 1990, kuma an bi al'adar har ƙarshe: akwai jirgi mai saukar ungulu, akwai ƙaton maciji, akwai mutum da bindiga biyu, babu ko ɗaya a cikin fim ɗin.

Fassarar Turancin da ke ƙasan hoto tana makara, wani lokaci ma ta tsaya cak, don haka wanda ba ya jin Tonanci zai rasa wasu wurare, musamman na mai kenke. Wanda zai kalla a waya ya sa abin kunne, ya fi sauƙin kama maganar. Kada a kalla da yara ƙanana, kada kuma a kalla ana shan sobolo. A ƙarshen kashi na biyu an rubuta cewa na uku na nan tafe, an nuna bokan yana buɗe ido ɗaya. In shi za a ci gaba da bi, ni kam na tsaya a nan. In kuwa za a dawo da Alhaji mai gaisuwa da maigida mai rasit, a kuma sayi makirfo, zan sake tura sidi 20.