Kama layin sashen gaggawa ta intanet: sau biyu na gwada

Da bayan gwajin farko na rubuta wannan sharhi, da tauraro biyar zan bai wa tsarin nan ba tare da dogon tunani ba.

Ɗana ne ya gurɗe ƙafa wajen ƙwallo. Na buɗe shafin asibitin a waya, na zaɓi ƙarfe 7 na yamma, na rubuta abin da ke damunsa, saƙo ya shigo cewa an ajiye mana lokaci. Ya yi jiransa a gida da ƙanƙara a idon sawu, maimakon zaman ɗakin jira cikin masu tari da amai. Da muka je ba mu fi minti 20 ba aka kira mu, aka ɗauki hoto, babu karaya. Kowa na haɗu da shi a makon nan sai da na tallata masa abin.

Karo na biyu mahaifiyata ce. Shekarunta 63, tana da ciwon sukari. Da daddare ta ce ƙirjinta na mata zafi kamar ƙwarnafi, ga tashin zuciya, ga kasala. Na ce, "Mama, mu tafi asibiti?" Ta ce a'a, abinci ne bai karɓe ta ba. Sai na ɗauko waya don a raba gardama. Lokaci mafi kusa da ya rage sai bayan awa uku. A ƙasan fom ɗin akwai ɗan akwatin da dole ka danna, wai ka tabbatar ciwon ba mai barazana ga rai ba ne, in kuwa irinsa ne ka kira motar asibiti. Na danna shi kamar yadda muke danna "na amince" a kowace manhaja, ido na kan wani abu daban.

To, a ina na koyi bambanta ciwon da ke kisa da wanda ba ya kisa? A sashen gaggawa, nas ce ke tarbar mutum tun daga ƙofa. Za ta auna hawan jini da bugun jijiya da iskar da ke cikin jini, ta kalli fuska, ta lura da gumi da yadda numfashi ke fita, sannan ta yanke wa zai shiga yanzu, wa zai iya jira. A asibitocin Amurka da yawa mataki biyar ake kasa marasa lafiya, na ɗaya shi ne wanda rai ke hannun Allah. Mai ciwon ƙirji kuma, ƙa'ida ita ce a yi masa gwajin ECG, wato na duba yadda zuciya ke aiki, cikin minti 10 da isowarsa. Duk wannan aikin ne fom ya ɗora min, ni da ko na'urar awon jini ban iya ɗaurawa daidai ba.

Shafin ya ce akwai ma'aikacin da ke duba abin da aka rubuta, zai kira in ya ga alamar haɗari. Na yarda akwai shi. Sai dai abin da ke gabansa shi ne "ƙwarnafi da kasala" da na rubuta da hannuna. Bai ga gumin da ya fara tsattsafo mata a goshi ba, bai ji ta ce muƙamuƙinta na sagewa ba. Babu wanda ya kira.

Ƙanwata, wadda ta karanta aikin jinya, ita ta cece mu. Ina faɗa mata a waya ta katse ni: "Yaya, kashe wayar nan ki kira motar asibiti yanzu!" Ashe bugun zuciya ne. Daga baya likita ya yi mana bayanin cewa mata da tsofaffi da masu ciwon sukari sau da yawa ba sa jin matsanancin ciwon ƙirjin da kowa ya sani, kuma burin likitoci shi ne a buɗe jijiyar da ta toshe cikin minti 90 da isowa, don naman zuciyar da ya mutu ba ya dawowa. Shanyewar ɓarin jiki ma haka take, maganin narkar da gudan jini awa huɗu da rabi kawai yake da su daga fara alamu. Ni kuma na so in ajiye mu awa uku a falo.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kwanciyar hankalin da saƙon nan ya ba ni. Ganin an rubuta mana lokaci, sai na ji kamar asibiti ya san da mu, alhali kwamfuta ce kawai ta sa sunanmu a jeri. Lokacin ma ba alkawari ba ne, wanda ya fi ka jin jiki zai riga ka shiga, kuma hakan daidai ne.

Tauraro biyu na ba shi. Don targaɗe ko ɗan yankan da jininsa ya tsaya, zan sake amfani da shi. Amma ya kamata fom ɗin ya fara tambayar shekaru da ciwon sukari da ƙirji da numfashi, ya ƙi bayar da lokaci ga duk wanda ya amsa da e.

Mama ta dawo gida, tana shan magungunanta. Ana cikin yi mata aiki a daren nan wayata ta yi ƙara, saƙo ne mai tuna min cewa saura minti 30 lokacinmu ya yi.