Dutsen Tebur a Cape Town: Sai da Na Jira Kwana Biyu Kafin Iska Ta Bar Ni Na Hau

Kwana biyun farko da na yi a Cape Town ta Afirka ta Kudu ban ga kan dutsen ba ko sau ɗaya. Kullum da safe in na ɗaga kai sai in tarar farin gajimare ya kwanta a samansa yana zubowa ta gefe. Mutanen garin suna ce masa mayafin tebur. Iskar kudu maso gabas ce ke kwaso danshi daga teku ta hau da shi bisa dutse, sanyi ya mayar da shi gajimare. In ta taso da ƙarfi, motar igiyar da ke kai mutane sama ba ta aiki, ko da ka riƙe tikitinka a hannu. Saboda haka duk mai niyyar zuwa, kada ya ajiye hawan nan sai ranar ƙarshe. Ranar da gari ya waye ka ga kan dutsen tas, bar duk abin da ka shirya ka tafi.

Ni ranar ta uku Allah ya nufa. Na sayi tikiti ta intanet, duk da haka na tarar da layi mai tsawo a tashar ƙasa, domin duk waɗanda iska ta hana jiya da shekaranjiya sun fito rana ɗaya. Tsayuwar ta gajiyar da ni, kuma na tausaya wa tsofaffin da ke cikinmu. Wannan ne babban abin da ban ji daɗinsa ba, sai kuma tsadar abinci a can sama. Ka tafi da ruwanka da ɗan abin taɓawa.

Ita motar tun 1929 take aiki, a 1997 aka sauya ta da irin ta yanzu mai ɗaukar mutum 65. Daɓenta yana juyawa a hankali yayin da ake hawa, don haka ba sai an yi rububin taga ba, kowa zai ga kowane ɓangare. Cikin kamar minti biyar ta ɗauke mu daga tsayin mita 363 zuwa mita 1,067. Gab da isa, bangon dutsen yakan matso har ka ji kamar ka miƙa hannu ka taɓa shi. Nan kam na yi salati, ba don tsoro kaɗai ba.

Da na fito, sanyi ne ya fara tarbata, alhali a ƙasa zafi ake yi. Rigar sanyi dole ce ko da rani. Saman shimfiɗaɗɗe ne, da hanyoyin ƙafa a tsakanin ƙananan tsirrai waɗanda da yawansu ba sa fitowa ko'ina a duniya sai a wannan yanki. Ga remaye kwance a kan duwatsu suna shan hantsi, ba sa gudun mutane. An hana ba su abinci, kuma ina roƙon a kiyaye.

Abin da ya sa nake cewa kuɗina bai tafi a banza ba shi ne tsayuwar da na yi a gefen arewa, inda gari da tashar jiragen ruwa suke a ƙarƙashin ƙafarka. Yawancin mutane hoto suke ɗauka su wuce. Ni na zauna kusan awa guda, kuma a hankali garin ya riƙa buɗe mini kansa. Ga manyan jiragen kaya sun yi cirko-cirko a bakin ruwa suna jiran a ba su wuri, ƙananan jirage masu ja suna kai da kawowa kamar tururuwa. Daga nan ne mutum zai gane dalilin kafuwar garin: a 1652 kamfanin 'yan kasuwar Holan ya kafa zango a nan don jiragensa masu zuwa gabashin duniya su sami ruwan sha da kayan lambu. Kafin a buɗe mashigin Suwez a 1869, ta nan jiragen Turai ke zagayawa zuwa Indiya.

Can cikin ruwa ga tsibirin Robben, ɗan fili ne kwance kamar faifai. Nelson Mandela ya yi shekara 18 a can cikin 27 da ya yi a tsare. Daga sama sai ka ga kamar kusa ne, kuma wannan kusancin ne ya fi sosa mini rai: fursuna yana kallon dutsen nan kullum, ba halin isowa. Tun kafin Mandela da kusan ƙarni biyu an tsare wani malami a tsibirin, Tuan Guru, wanda aka kawo daga Tidore ta ƙasar Indunusiya. A tsare ya rubuta Alƙur'ani da ka. Bayan an sake shi ya zama limamin farko na Masallacin Auwal da aka kafa a 1794 a unguwar Bo-Kaap, wadda ke kwance a gindin tudun Signal, ta hannun hagu in kana fuskantar teku.

Ta hannun dama kuma akwai wani wuri da ido ba zai tsallake ba, filaye ne da ciyawa a tsakiyar gari mai cunkoso. District Six ke nan. A 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ce unguwar ta farar fata ce kaɗai, aka tashi mutum wajen 60,000, aka rushe gidajensu. Na karanta labarin a baya, amma ganin gurbin daga sama daban ne.

Mai ƙarfin ƙafa zai iya hawa ta kwazazzabon Platteklip, tafiyar awa biyu zuwa uku, ko ya taka daga tashar sama zuwa alamar Maclear, wuri mafi tsayi, mita 1,086. Kada dai a yi shi kaɗai, domin hazo na iya rufe hanya cikin ɗan lokaci. Ni ban kai can ba. Bayan azahar iska ta soma kaɗawa, aka busa jiniyar da ke kiran kowa ya koma tasha, muka bi layi muka sauko. Daga nan na ɗauki tasi zuwa Bo-Kaap, na sami la'asar a Masallacin Auwal. Da na fito na ɗaga kai, gajimare ya riga ya sake rufe dutsen.