Fakoy da wijila a Lazare: sharhi a kan gidan abincin matan Gawo

A unguwar Lazare ta birnin Yamai, cikin wani lungu da mota ba ta shiga sai da dabara, akwai gidan abinci marar allo wanda mutanen unguwa suke kira wurin matan Gawo. Rumfa ce ta kwano da teburori kaɗan da tabarmi a gefe, kuma ana fara sayar da abinci daga hantsi har tukwane su ƙare. Yawancin masu ba da labarinsa suna farawa ne da tausayi, suna cewa a je a taimaki ƴan gudun hijira, amma ni ina ganin wannan rage wa matan daraja ne, domin girkinsu ya isa ya jawo mai saye ko da bai san daga inda suka fito ba.

Uwar gidan ta baro Gawo a 2012, shekarar da tawaye ya ɓarke a arewacin Mali, har Kidal da Gawo da Tumbuktu suka kuɓuce wa gwamnatin Bamako cikin kwana uku, daga 30 ga Maris zuwa 1 ga Afrilu. Ta biyo hanyar Ansongo zuwa Ayoru, ta zauna sansanin Tabarebare kamar dubban ƴan ƙasarta, daga baya ta gangaro Yamai. Masu taya ta aiki sun zo ne daga yankin Menaka bayan hare-haren da suka tsananta a 2022. Yarjejeniyar zaman lafiya ta Aljeriya da aka sa wa hannu a 2015, wadda da yawa suka sa rai za ta mai da su gida, hukumomin Mali sun soke ta a Janairun 2024, saboda haka matan nan ba su riƙe sana'ar a matsayin abin wucin gadi ba, kuma hakan yana bayyana a yadda suke kula da ita.

Abin da ya fi cancanta a je dominsa shi ne fakoy. Wanda ya saba da miyar faku mai yauƙi da ake ci da tuwo a Yamai zai yi mamakin ganin wannan, domin ko da yake ganyen dangin lalo ne, an busar da shi an niƙa, sannan an dafa shi a kan wuta kaɗan-kaɗan na tsawon sa'o'i tare da naman rago da man shanu da daddawa, har yauƙin ya mutu, miyar ta yi baƙi ƙirin, man ya taso a samanta yana sheƙi. Ana zuba ta a kan farar shinkafa mai warwara. Loma ta farko tana da ɗan ɗaci wanda baƙo zai iya ɗauka ƙonewa ce, amma ɗacin ganyen ne, kuma yana lafawa da zarar ƙanshin man shanu ya biyo baya. Naman yana rabuwa da ƙashi ba tare da an ja shi ba. Ban ji maggi ya danne komai ba, abin da ya yi wuya a gidajen abincin garin nan a yanzu.

Wijila, wato curin fulawa mai yisti da ake turarawa a ci da miyar tumatir da nama, ba ta kai fakoy ba. Idan aka same ta da zafinta tana da laushi tana shan miya sosai, amma da ta huce sai ta yi tauri, kuma miyar takan yi gishiri fiye da kima. Shayin da ake bayarwa bayan abinci yana da kyau, ga wanda yake da lokacin jiran kofi na uku.

Farantin fakoy da nama sefa 1.500 ne, jika ɗaya da rabi, kuma yana ƙosar da magidanci. Wasu tsofaffin masu saye suna ƙorafin cewa a da bai kai haka ba, sai dai duk mai zuwa kasuwa ya san yadda shinkafa da mai suka tashi tun da aka rufe iyakar Benin a Gaya bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. A ganina kuɗin bai yi yawa ba.

Inda wurin ya gaza shi ne wajen hidima. Yarinya ɗaya ce take karɓar kuɗi, ta kai abinci, ta kwashe kwanoni, don haka da azahar ta gabato mutum yakan yi zaman jira mai tsawo, wani lokaci kuma a kai wa wanda ya zo bayansa. Rumfar kwanon tana ɗaukar zafi ƙwarai a watan Afrilu da Mayu, fanka guda ce, ita ma sai da kuran. Ruwan wanke hannu a bokiti ɗaya yake, alhali buta da sabulu ba za su ci wani kuɗi ba. Canji kuma kullum matsala ne.

Akwai wata doka ta gidan da ta raba ra'ayin masu zuwa. A teburorin nan ana samun Songai da Buzaye da Fulani, al'ummomin da rikicin ya jefa zargi a tsakaninsu, tare da Hausawa da Zabarmawan unguwa, kuma uwar gidan ba ta yarda a yi gardamar yaƙi a rumfarta ba. Da wani dattijo ya fara tambayar wani saurayi ko ƴan garinsu da wane ɓangare suke, sai ta matso da butar shayi ta ce, "Baba, a bar maganar can a can, abincinka yana hucewa." Wasu suna cewa rufe baki ba ya warkar da ciwo, kuma suna da hujja idan ana zancen taron sulhu ne. Amma wannan wurin cin abinci ne, kuma dokar ce ta sa matan da ƙabilunsu ba ɗaya ba suke iya aiki a madafa guda, masu saye kuma suke dawowa.

Mai son fakoy ya isa kafin ƙarfe ɗaya na rana, domin ba ya kai la'asar, ranar Juma'a kuwa tun kafin a sauko daga masallaci yake ƙarewa. Wijila sai an yi magana tun jiya idan ta iyali ce ake so, kuma mai sayen abinci zuwa gida ya zo da kwanonsa da ƙananan kuɗi.