Sola ko wutar NEPA a Birnin Kebbi?

Kullum sai an tambaye ni wacce ta fi. Wutar NEPA, da ke zo mana daga Kainji, ba wuyar shiga: mita da waya. Amma tun Afrilun 2024 da aka kai yunit naira 225 ga 'yan Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa ashirin a rana, lissafi ya canja. Kuma ranar da babban layi ya faɗi, kowa duhu.

Sola kuwa kuɗin farko ne mai nauyi. Rana ba ta yi mana rowa, sai dai ƙurar hunturu ta sa ka goge farantin sola. Batir ne abin tsoro, shi ke mutuwa ya ci aljihu.

Mai injin casar shinkafa ko walda, NEPA ce tasa. Mai cajin waya da fanka biyu, sola ta ishe shi.