Daɓen siminti ko tsakar gida mai bishiya?

Mai sabon gini a Sakkwato yakan malale tsakar gida da siminti. Shara ba wuya, kuma babu caɓi da damina. Amma a watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, daɓen kan riƙe zafin har dare, ruwan sama kuma kwata yake bi.

Wanda ya bar ƙasa a gefe ya dasa dogon yaro da zogale, sai ya jure sharar ganye, kuma ya nisanta saiwa da katanga. Ni shi na fi so. Inuwa tana sanyaya ɗaki, ƙasa na shan ruwa, ƙudan zuma na bin furen zogale, kurciya ta yi sheƙa. A ajiye wa tsuntsaye kaskon ruwa, a riƙa sauya shi saboda sauro.