Zaɓen mota domin sanyin Kanada: ta fetur, ta haɗaka, ta lantarki ko ta dizal

Duk sabuwar motar da ake sayarwa a Kanada tana ɗauke da takarda a jikin gilashinta mai nuna litar man da take sha a kowace tafiyar kilomita 100, kuma mafi yawan masu saye da wannan adadin suke yin lissafinsu. Sai dai gwaji mafi sanyi cikin waɗanda ake yi kafin a fitar da adadin, a digiri 7 ƙasa da sifili ake yinsa, alhali mazaunin Winnipeg ko Saskatoon ko Edmonton yakan wayi gari a watan Janairu ya tarar ma'auni ya sauka digiri 30 ƙasa da sifili. Saboda haka wanda ya baro Kano ko Zinder ya sauka a waɗannan garuruwa, wanda iyakar sanyin da ya sani shi ne na hunturu, yana bukatar ya yi wa kansa tambayoyi biyu kafin ya taka wurin dillali: tsawon tafiyar da yake yi kullum, da kuma ko akwai soket na lantarki a inda motar za ta riƙa kwana. A ganina amsar waɗannan tambayoyi ta fi sunan kamfani da adadin da ke jikin gilashi tasiri a aljihunsa.

Dalilin da sanyi yake ƙara wa mota shan mai ba ɗaya ba ne. Baƙin mai da man giya suna yin kauri, injin ya riƙa juyawa da ƙyar, kuma har sai ya ɗauki zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi, kwamfutarsa tana ba shi fetur fiye da ƙima. Iskar sanyi ta fi nauyi, mota tana shan wahalar keta ta a babbar hanya. Iskar taya tana raguwa da kanta yayin da gari ya ƙara sanyi, dusar ƙanƙara tana riƙe ƙafafu, ga fankar hita da na'urar narkar da ƙanƙarar gilashi suna jan wuta. Hatta fetur ɗin da ake sayarwa a watannin sanyi an sauya haɗinsa domin ya yi saurin kamawa, kuma ƙarfin da ke cikin litarsa ya ɗan gaza na lokacin zafi. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta bayyana cewa motar fetur a cikin gari tana asarar kimanin kashi 15 cikin 100 na nisan da lita take kai ta idan aka kwatanta digiri 7 ƙasa da sifili da digiri 25, kuma asarar tana iya kaiwa kashi 24 a gajeruwar tafiya ta kilomita biyar ko shida, domin ana isa kafin injin ya gama ɗumama.

Motar fetur zalla, irin su Toyota Corolla da Honda Civic, ita ce mafi araha wajen saye, kowane bakanike ya san ta, kuma zafin da take ɗumama ɗakinta da shi kyauta ne, tunda daga injin yake fitowa. Abin da ya wajaba a duba a jikinta shi ne hitar injin, wato ɗan ƙarfen da ake dasawa a jikin injin yana ɗumama ruwansa, wanda wayarsa take leƙowa ta gaban mota. Baƙo yakan yi mamakin ganin motoci jere a wuraren ajiya na Manitoba da Saskatchewan, kowace da igiyar wuta zuwa wani gajeren turke, ya ɗauka duk na lantarki ne, alhali na fetur ne ake ɗumama wa injin. Hukumar albarkatun ƙasa ta Kanada tana ba da shawarar a kunna hitar kimanin awa biyu kafin fita, don haka ƙaramin agogo mai kunna wuta da kansa ya wadatar, ba sai ta kwana tana cin lantarki ba. Motar da aka kawo daga Vancouver ko kudancin Ontario sau da yawa ba ta da wannan hita, kuma gara a nemi dillali ya sanya ta tun ana ciniki.

A nan ne al'adar da muka taso da ita ta tayar da mota a bar ta tana aiki a tsaye take zama tsada. Injin mai girman lita uku yana ƙone wajen mililita 300 a kowane minti goma da ya yi a tsaye, kuma tafiya a hankali ta fi tsayuwa saurin ɗumama shi. Abin da ake jira kawai shi ne gilashi ya washe a riƙa ganin hanya sosai. Wanda yake kunna motarsa daga cikin ɗaki da rimot ya bar ta minti ashirin safe da yamma, ya sani cewa fiye da lita ɗaya ce take tafiya kullum ba tare da taya ta motsa ba. Akwai kuma hatsari: idan dusar ƙanƙara ta toshe bakin salansa, hayaƙi mai guba wanda ba shi da wari yana iya komawa cikin mota.

Motar haɗaka, wadda take da injin fetur da batir mai taimaka masa, ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Gaskiya ne sanyi ya fi taɓa ta, domin ma'aikatar da na ambata ta sanya asararta tsakanin kashi 30 zuwa 34 cikin 100. Dalili shi ne injin da ya saba mutuwa a fitilar hanya dole ya ci gaba da aiki domin ya samar da zafi, kuma batir mai sanyi ba ya karɓar wutar da birki yake mayar masa yadda ya kamata. Amma a dubi daga inda aka faro. Corolla ta haɗaka tana shan wajen lita 5 a kilomita 100, ta fetur kuwa wajen lita 7. Idan sanyi ya kai ta farko lita 7, ya riga ya kai ta biyu lita 8 ko 9, don haka tazarar tana raguwa ne ba ta gushe ba, kuma da zarar watan Afrilu ya kama sai ta dawo yadda take. Mu ɗauki mai tafiyar kilomita 20,000 a shekara, mu ƙaddara lita a dalar Kanada ɗaya da rabi: ta fetur za ta ci dala 2,100, ta haɗaka 1,500, a-kori-kura mai shan lita 12 kuma 3,600, duk kafin a ƙara na sanyi. Ga mai zirga-zirga a cikin gari, musamman mai aikin ɗaukar fasinja ko kai saƙo, wanda kuma yake zaune a gidan haya, wannan ce motar da zan ba shi shawara ba tare da jinkiri ba.

Kada a gina lissafi a kan farashin man ranar saye. A watan Yuni na 2022 matsakaicin farashin lita a Kanada ya haura dala biyu, sannan a ranar 1 ga Afrilu na 2025 gwamnatin tarayya ta janye harajin hayaƙi da yake ƙara kusan santi 18 a kowace lita. Tsakanin larduna ma akwai bambanci, domin Alberta ta saba da araha, Vancouver kuma da tsada. Motar da za a riƙe shekara shida ko bakwai za ta ga hawa da sauka, kuma mai ƙarancin sha ita ce ba ta girgiza kasafin gida idan farashi ya tashi.

Motar lantarki zalla galibi tana tashi a cikin sanyi ba tare da gardama ba, kuma a Manitoba da Kebek, inda wutar ta madatsun ruwa ce mai araha, kuɗin tafiyarta ƙalilan ne. Matsalarta ita ce ba ta da injin da zai ba ta zafin banza, duk ɗumin da ke cikin ɗakinta daga batir ake cirarsa. Gwajin da ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi a 2019 ya nuna cewa a digiri 7 ƙasa da sifili, idan hita tana kunne, nisan da caji ɗaya yake kaiwa ya ragu da kashi 41 cikin 100, idan kuwa a kashe take, da kashi 12 kawai. Sababbin motoci da yawa suna da famfon zafi, wanda yake zuƙo ɗumi daga iskar waje maimakon ya ƙona wuta kai tsaye, kuma Tesla ta fara sanya shi a Model Y a 2020. Amfaninsa yana da yawa a matsakaicin sanyi, amma yana raguwa idan sanyin ya tsananta. Batir mai sanyi kuma yana jinkirin karɓar caji a tashar hanya. Ana yawan kafa hujja da Norway, inda kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne, sai dai yawancin mutanen Norway suna zaune a kusa da teku, inda sanyi bai kai na tsakiyar Kanada ba. Mai gida da gareji, wanda zai ɗumama motar tana jone da wuta kafin ya fita, zai ji daɗinta ƙwarai. Mai ajiye mota a bakin titi, ko mai yawan dogon zango tsakanin garuruwa, ya dakata tukuna. Akwai kuma motar haɗaka da ake yi wa caji, wadda take rufe wannan giɓin ga mai soket, ko da yake injinta yakan tashi da kansa idan sanyi ya yi yawa.

Dizal ba na ɗan cikin gari ba ne. Kakin da ke cikin mansa yana daskarewa ya toshe matata, shi ya sa gidajen mai suke sauya haɗinsa da sanyi, ruwan tace hayaƙin da sababbin injuna suke amfani da shi yana ƙanƙarewa a digiri 11 ƙasa da sifili, kuma gajerun tafiye-tafiye suna cika matatar hayaƙi da toka. Sai mai jan kaya a doguwar hanya.

Dillali zai kwaɗaita maka jif mai jan ƙafa huɗu, ya ce da ita ake cin ƙanƙara. Jan ƙafa huɗu yana taimakawa wajen tashi da hawan tudu, amma ba ya rage ko taku ɗaya a nisan da mota take yi kafin ta tsaya, kuma yana ƙara shan mai duk tsawon shekara. Abin da yake tsayar da mota taya ce. Robar tayar yau da kullum tana fara taurara idan ma'auni ya gaza digiri 7 sama da sifili, ta sanyi kuwa, mai tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a gefenta, tana zama da laushinta ta kama hanya. Kebek ta wajabta ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, British Columbia kuma ta wajabta ita, ko taya mai alamar M+S ta laka da dusar ƙanƙara, a yawancin manyan hanyoyinta na duwatsu tun daga 1 ga Oktoba. Idan kuɗi ba zai kai duka biyu ba, ƙaramar mota mai tayoyin sanyi huɗu ta fi jif maras su aminci, kuma ina faɗin haka ne domin rayukan iyali da ke kujerar baya.

Wanda zai sayi ta hannu ya sa bakanike ya ɗaga ta ya leƙa ƙarƙashinta, domin gishirin da ake barbaɗa wa tituna, musamman a Ontario da Kebek, yana cin ƙarfe da bututun birki ko da fenti yana sheƙi. A gwada batir, tunda a digiri 18 ƙasa da sifili yana iya rasa fiye da rabin ƙarfinsa a daidai lokacin da injin ya fi nauyin juyawa. A duba littafin motar a sanya baƙin mai maras kauri da ya tanada, wanda galibi alamarsa take farawa da 0W. Sannan a auna ruwan lagireto: zuba ruwan famfo da aka saba yi a gida ba ya yiwuwa a nan, domin idan ya daskare yana kumbura ya tsage injin, sai dai haɗin rabin ruwa da rabin maganin daskarewa, wanda yake jure wa har kusan digiri 37 ƙasa da sifili, a garuruwan da suka fi haka sanyi kuma a ƙara maganin ya kai kashi 60 cikin 100.